Yabo Ba Ya Biyan Kuɗin Haya

Tun daga shekarar 2008 Ingila ke ware mako guda a kowace shekara domin karrama 'yan koyon aiki, kuma yanzu cikin watan Fabrairu ake yinsa. Idan makon ya zo, ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin da ke ba da gidaje masu sauƙin haya sukan wallafa hotunan matasan da suka ɗauka, a yi musu sambarka, wasu ma a ba su lambar yabo. Hakan ya yi daidai, sun cancanta. Amma a fannin gidaje da taimakon marasa matsuguni, nauyin da ke kan waɗannan matasa ya wuce a sallame su da hoto da tafi. Duk hukumar da ke son nuna ta san darajarsu, to a gani a albashinsu, a kuma gani ranar da suka kammala koyo.

Mu fara da aikin kansa. Dokar rage rashin matsuguni ta 2017, wadda ta fara aiki a watan Afrilun 2018, ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta sa hannu a lamarin duk wanda ke fuskantar rasa gidansa cikin kwana 56, ta zauna da shi, ta tsara masa mafita a rubuce. Masu buƙatar kuwa ba kaɗan ba ne. A ƙarshen watan Maris na 2024, iyalai sama da 117,000 ne ke zaune a masaukin wucin gadi a Ingila, cikinsu har da yara fiye da 150,000. Kowane iyali a cikinsu sai da wani ya ɗaga musu waya, ya cika musu takardu, ya duba wasiƙar da mai gida ya rubuta ta cewa su tashi, ya bincika ko wasiƙar ma ta cika ƙa'ida. A ofisoshi da dama akwai ɗan koyo cikin masu wannan hidima. Yana zaune kusa da babban jami'i yana sauraron matar da ta gudo daga dukan miji da 'ya'yanta, ko dattijon da bashin haya ya yi masa katutu, sannan ya koma ya yi karatun da tsarin koyon ya ɗora masa.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin aiki ne, ya tuna da Awaab Ishak. Yaro ne ɗan shekara biyu, iyayensa daga Sudan suka zo, ya rasu a garin Rochdale a watan Disambar 2020. Binciken da aka kammala a watan Nuwambar 2022 ya tabbatar cewa doguwar shaƙar fumfunar da ta mamaye gidansu ce ta yi ajalinsa. Mahaifinsa ya kai ƙorafi tun 2017, aka ce masa ya shafe wurin da fenti. An ji koken, an ga gidan, amma ba a ɗauki maganar da nauyinta ba. Kafin wannan, gobarar benen Grenfell da ke Landan ta watan Yunin 2017 ta ci rayuka 72, bayan mazauna sun sha yin gargaɗi ba a kula su ba. Waɗannan masifu biyu su suka haifar da dokar 2023 kan gidajen masu ƙaramin ƙarfi, wadda ta buƙaci manyan manajojin gidaje su mallaki shaidar ƙwarewa. A cikinta ne aka kafa dokar da ake kira da sunan Awaab, wadda daga watan Oktoban 2025 ta tilasta a binciki ƙorafin danshi da fumfuna cikin kwanakin aiki 10, a kuma magance haɗarin gaggawa cikin awa 24.

To, wa zai cika waɗannan ƙa'idoji nan da shekara goma? 'Yan koyon yau ne. Halin da suka koya yanzu, na sauraron mai haya ko na yin watsi da shi, da shi za su riƙe ofis gobe. Shi ya sa batun yadda ake riƙe su ya shafi kowane mai haya, har da 'yan uwanmu Hausawa da ke zaune a gidajen hukuma a Landan ko Manchester.

Yanzu a duba abin da doka ta yarda a biya su. A watan Afrilun 2025, mafi ƙarancin albashin ɗan koyo ya kasance fam 7.55 a awa guda, yayin da na ma'aikacin da ya kai shekara 21 ya kasance fam 12.21. Wannan ƙaramin kuɗi ya shafi wanda bai kai shekara 19 ba, da kuma duk wanda ke shekarar farko ta koyo, ko da magidanci ne mai iyali. Gaskiya ne akwai ma'aikatun da ke biyan sama da haka, kuma a yaba musu. Amma inda aka tsaya a kan mafi ƙaranci, sai ka tarar da matashin da ke yini yana nema wa mutane ɗaki, shi kansa albashinsa ba zai kama masa ɗaki a garin ba. Wannan abin kunya ne ga fannin da ya fi kowa sanin yadda tsadar haya ke jefa mutum kan titi.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa ɗan koyo bai iya aikin ba tukuna, wani kaso na lokacinsa a karatu yake tafiya, kuma ƙananan hukumomi na cikin matsin kuɗi. Sukan ƙara da cewa harajin koyon aiki da aka kawo a 2017, wanda ke karɓar rabin kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashi daga ma'aikatun da albashinsu ya haura fam miliyan 3 a shekara, horo kawai yake biya, ba a taɓa shi don albashi. Duk haka ne. Sai dai ƙananan hukumomin Ingila sun kashe sama da fam biliyan 2 a kan masaukin wucin gadi a shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024. Ma'aikacin da ya ƙware wajen sasanta mai gida da mai haya kafin a kai ga kora, shi ne ke rage wannan kuɗi. Idan aka horar da shi shekara ɗaya ko biyu, sannan ƙarancin albashi ya sa ya koma wani fanni, hukumar ce ta yi asara, ta kuma koma neman ma'aikatan wucin gadi masu tsada.

Akwai wani rukuni da na fi damuwa da su. Wasu ƙungiyoyin agaji, irin su St Mungo's, sun buɗe ƙofar koyon aiki ga mutanen da su kansu sun taɓa rasa matsuguni. Mutumin da ya kwana a titi ya san dalilin da zai sa wani ya ƙi shiga masauki ko da sanyi na kashe shi, ya san tsoron da ke hana mutum buɗe wasiƙar hukuma. Ba a samun wannan sani a aji. Amma kullum yana jin labaran da ke tayar masa da tsohon miki, don haka yana buƙatar babba mai kula da shi da gaske, wanda zai zauna da shi bayan rana mai wuya, kuma kada a jibga masa ayyukan da suka fi ƙarfinsa don kawai ma'aikata sun yi ƙaranci.

A wurinmu, maigidan kirki a garejin kanikanci ba ya sallamar yaronsa da addu'a kaɗai. Yakan haɗa masa kayan aiki ya nuna masa wurin zama. Abin da ya kamata hukumomin gidaje na Ingila su yi ke nan. Idan Fabrairu ya zagayo, kowace ƙaramar hukuma da kowace ƙungiyar gidaje ta fito ta faɗi nawa take biyan 'yan koyonta a awa, mutum nawa suka kammala a bara, kuma nawa daga cikinsu ta ba aiki na dindindin.