"Ai kifi biyu ne kawai", in ji masu bokiti

Har yanzu akwai masu kare mutumin da ya zuba walleye, wani kifi mai cin ƙananan kifaye, a ɓoye a tafkin Swan na jihar Montana a Amurka, wai kifi biyu ne kawai aka kama, mene ne na tada jijiyar wuya. To madalla. Kifi biyun nan da suka faɗa ragar ma'aikatan hukumar kifi a 2015 ba daga sama suka sauko ba. An ciro ɗan dutsen da ke cikin kunnensu, wanda ke ɗauke da alamar ruwan da kifi ya girma a ciki, aka gwada, sai ga shi a tafkin Helena aka haife su. Wato wani ya kama su da rai, ya sa a ruwa cikin mota, ya yi tafiyar sa'o'i ya tsallaka tsaunuka, ya juye su a tafkin da ke riƙe da bull trout, kifin da gwamnatin Amurka ta sa a jerin masu fuskantar barazana tun 1998. Wannan ba kuskure ba ne, shiri ne. Kuma masu cewa hukuma ta zuba walleye a dam-dam ɗin da ake zuba wa kifin trout da hannunta, abin da mai bokiti ya yi suke nema, sai dai su suna son a buga masa hatimi.

Maganata ɗaya ce: trout baƙo ne mai ranar tafiya, walleye kuwa in ya shiga ya zama mai gida. Yawancin trout ɗin da ke dam daga gidan ƙyanƙyasa ake kawo su a tanka. Suna buƙatar rafi mai gudu da tsakuwa mai tsabta kafin su yi ƙwai, shi ya sa ba sa iya riƙe yawansu a ruwan dam. In an ga an yi kuskure, a daina aiko mota, cikin 'yan shekaru magana ta ƙare. Walleye ba ya jiran motar kowa. Da bazara, in ruwa ya kai digiri 6 zuwa 10, macen za ta watsa ƙwanta a kan tsakuwar bakin ruwa inda iska ke kaɗa igiya, ba sheƙa, ba gadi. Tana zuba wajen ƙwai 50,000 ga kowane kilo na nauyinta, wato mai kilo uku ta doshi 150,000. Ba kowace shekara suke rayuwa ba, amma shekara ɗaya mai kyau ta isa. Wa zai kwashe su bayan nan?

Ku dubi Canyon Ferry, dam ɗin da aka kammala a kogin Missouri a 1954, kusa da Helena. A 1989 aka fara ganin walleye a ragar bincike. Ɗai-ɗai ne, su ma "kifi biyu ne kawai". Aka yi shekaru shiru, sai a tsakiyar shekarun 1990 suka fashe. Hukumar kifi ta jihar ta shimfiɗa raga a wuraren da suke ƙwai, ta kai iyakar kamu har 20 a rana ga mai fatsa ɗaya, duk da haka suna nan. Kifin perch da iyalai ke huda ƙanƙara su kama da hunturu ya ragu ƙwarai, har aka yi ta matse adadin da mutum zai tafi da shi gida. Su kansu walleye ɗin, da abinci ya yi ƙaranci, sai suka cika ruwan amma ƙanana. Yanzu masu son walleye na kukan babu manya, masu son trout na kukan kuɗi, masu perch ba ma a jin muryarsu.

Ga inda kuɗin ke tafiya, don masu cewa "ai ruwa da faɗi, kowa ya ci rabonsa". Walleye tun a shekararsa ta farko yake komawa cin kifi. Idonsa na da wani shimfiɗi mai mayar da haske, irin na kyanwa, don haka da magariba da asuba da cikin ruwa mai duhu yana gani, abin farautarsa ba ya gani. Ɗan trout kuma siriri ne, ba ƙaya a bayansa, ya tashi a kwamin siminti inda inuwa a sama ke nufin abinci ya zo. A sauke irin wannan a bakin ruwa, dubbai a wuri ɗaya, a ruɗe, ai walima aka kai. Mafita ita ce a riƙe shi a gidan ƙyanƙyasa har ya fi ƙarfin bakin yawancin walleye, daga santimita 10 zuwa wajen 20. To ku yi lissafi. In tsawon kifi ya ninka biyu, nauyinsa ninki takwas yake yi: mai giram 12 ya koma kusan giram 95. A ce kifi 300,000 za a zuba, tan uku da rabi ya koma tan 28 da wani abu. Abinci, wurin ajiya, ruwan sanyi mai gudu na ƙarin watanni, yawan sawun tanka, duk sun bi wannan ninkin. Kwamin da aka cika da su kuma an hana wani tafkin ke nan. Duk mai kiwon tarwada ya san abin: ka bar manya uku cikin ƙanana ba ka tace ba, ka dawo ka tarar da uku masu ƙiba da rabin kwami.

Za a ce mini jihar Wyoming fa, ga dam-dam ɗin Seminoe da Pathfinder da Alcova a kogin North Platte, trout da walleye suna zaune tare. Suna zaune, ƙwarai. Walleye ya bayyana a Seminoe a 1961, ya bi ruwa ya gangara sauran, hukuma ta daina zuba ƙananan trout ta koma manya. Zaman da ake saye duk shekara ke nan. Kuma ku lura da kalmar "gangara". Kifin ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Waɗanda aka zuba a ɓoye a dam ɗin Noxon na Montana sun bi kogin Clark Fork har tafkin Pend Oreille a Idaho. A 2019 aka fara biyan dala 1,000 a Idaho kan kan walleye mai alama a hanci, masu fatsa na yanke kai suna jefawa a firiza don a duba. Jihar da ba ta zuba ba ita ke fama.

Wai naman walleye ya fi daɗi. Ya fi, fari ne, ba ƙarni. Sai me? Giwan ruwa ma da daɗi, amma ku tambayi abin da ya yi wa ɗaruruwan nau'in ƙananan kifin tafkin Victoria bayan an kai shi a shekarun 1950.

Wai shi ma rainbow trout ɗin Canyon Ferry ba ɗan asalin Missouri ba ne. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ga bambancin da nake ta nanatawa: ɗaya ana iya dakatar da shi da sa hannu a takarda, ɗayan ba a iyawa.

Wai in ya ɓaci a sa magani. Maganin rotinon ne, irin dafin da ke cikin magimfa, kuma ba ya zaɓe, duk mai numfashi da kunnen kifi zai taso. Jihar Utah ta yi wa dam ɗin Red Fleet haka a 2015 saboda walleye na ɓoye, don ƙaramin dam ne. Da ta yi wa dam ɗin Strawberry a 1990, kan wasu kifayen daban, ta kashe wajen dala miliyan 3.8, kuma Canyon Ferry ya ninka shi girma, ga kogi na shiga yana fita.

Abu ɗaya zan saurara da zuciya ɗaya, shi ne walleye marar haihuwa. Ana matse ƙwan da ƙarfi 'yan mintoci bayan ya haɗu da maniyyi, kifin ya fito juya, kuma irinsa Utah ta mayar Red Fleet. Sai dai a gwada jinin samfur kafin a zuba, don matsin ba kullum yake kama duka ba, kuma juya ma tana cin ɗan trout kamar kowa. Na fahimci mutumin da ya girma a Minnesota, aiki ya kawo shi yamma, yake kewar kifin gidansu. Kewa ba laifi ba ce. Dam ɗin Fort Peck na nan a gabashin Montana cike da walleye, kuɗin man mota da sauƙi a kan abin da yake nema a yi.