Tiyata ta jira, to wanke raunin fa?

Da hantsi injin markaɗe ya kama hannun ƙanina a nan Daura. Yatsu biyu suka tsage, ƙashi a waje fari fat, ƙullun gero ya cika raunin. Kafin in iso, masu taimako sun zuba masa baƙin mai sun ɗaure da tsumma. Allah ya saka musu da niyyarsu, amma wannan ɗabi'a ta isa haka.

Ƙarfe 10 muka shiga asibiti. Ku yanki kati. Ku sayo safar hannu da bandeji. Likita bai shigo ba, janareta ba mai. Na ce, "Sista, don Allah ko wanke masa a yi." Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce in jira. Yaro yana kan benci, ƙudaje na bin tsumman, yana cewa, "Yaya, hannuna zafi." Sai bayan la'asar aka rubuto mana takarda, wai mu tafi Katsina.

A can ne likitan ƙashi ya faɗa mini abin da ya ƙara ƙona mini rai. Ya ce zancen lallai a yi tiyata cikin awa 6 tsohuwar ƙa'ida ce, ta samo asali daga gwajin da wani likitan Jamus, Paul Friedrich, ya yi a kan dabbobi a 1898. Hannu yana da yalwar jini, sau da yawa aikin kan iya kwana ba tare da ɓaraka ba, matuƙar an wanke raunin sosai da ruwan gishirin asibiti, an rufe da bandeji mai tsabta, an yi allurar kashe ƙwayoyin cuta da wuri, an kuma yi rigakafin sarƙe haƙora.

To wanne ne a cikin waɗannan yake buƙatar wutar lantarki? Wanne ne sai babban likita? Ledar ruwa ɗaya da allura biyu fa! Ni ban ce a haifo mana likitan tiyata a ranar ba, na san ƙarancinsu. Amma awa shida yaro yana zaune da baƙin mai a cikin tsoka, ma'aikata suna wucewa ta gabansa kamar buhun gawayi aka ajiye.

Kwana uku hannun ya kumbura, mugunya ta taru, zazzaɓi ya rufe shi. Sau biyu aka koma da shi ɗakin tiyata ana yanke naman da ya mutu. Yau ɗan yatsansa na tsakiya ba ya lanƙwasuwa, ko loma sai da cokali, kuma mai injin ya riga ya ɗauki wani yaro.