Shekaru ba sa hana ma'aikaci koyon kwamfuta

Akwai maganar da ke damuna a ofisoshin Katsina: wai ma'aikacin da ya haura hamsin ba zai iya kwamfuta ba, gara a bar shi da fayil har ya yi ritaya. Masu faɗar haka suna da abin da suka gani. Dattijo yakan daɗe yana laluben haruffa, matashi kuwa kafin ka ƙifta ido ya gama.

Saurin yatsa ne ke raguwa da shekaru, wani lokacin da ƙarfin ido. Fahimta tana nan, kuma ita ce jigon aikin ofis. Wanda ya san yadda ake lissafin albashi ko rubuta takardar hukuma, na'urar kawai ta rage masa ya saba da ita. Abin da ke tare shi biyu ne. In horo ya zo, matasa ake turawa, ana cewa shi ya kusa shekara 60. Sannan ga kunya: da nauyi Malam ya tambayi sa'an ɗansa abu sau uku a gaban jama'a.

A farkon 2023, da takardar naira ta yi wuya, dattawan 'yan kasuwa a Babbar Kasuwar Katsina sun koyi karɓar kuɗi ta waya, saboda ciniki ya dogara da hakan, kuma yaran shagonsu sun zauna sun nuna musu a tsanake. Irin wannan zaman ne ma'aikacin ofis ba ya samu.