Murhun Lantarki Yana Buƙatar Wayarsa Ta Kansa

Najeriya da Ingila, inda nake zaune yanzu, suna amfani da wutar lantarki mai ƙarfin bolt 230, kuma soket mai rami uku da ake gani a gidajen Kano da Kaduna shi ne na Landan. Mun gaji wannan tsari daga Turawan mulkin mallaka, amma a ganina mun ɗauki soket ɗin mun bar ƙa'idar da ta fi shi muhimmanci, wato cewa murhun girki ba a haɗa shi da sauran kayan gida a kan waya ɗaya.

A Ingila, filogi na yau da kullum yana ɗauke da fis ɗin da bai wuce amfiya 13 ba, wanda ke nufin abin da za a iya ja ta cikinsa bai kai kilowat 3 cikakku ba. Babban murhu mai kai huɗu da tanda kuwa yana iya kaiwa kilowat 10 idan an kunna komai, saboda haka ake janyo masa waya tun daga akwatin rarraba wuta, galibi mai kaurin murabba'in milimita 6, a sa mata bireka, wato na'urar da ke yanke wuta idan lodi ya yi yawa, mai amfiya 32 wadda ba ta hidimar komai sai shi. Ana kuma kafa masa makunni a bango cikin tazarar mita 2, a gefe, ba a saman murhun ba, domin wanda mai ya kama wa wuta ya iya kashewa ba tare da ya miƙa hannu cikin harshen wuta ba. Tun shekarar 2005 dokar gine-gine ta shigo da aikin lantarkin gidaje ƙarƙashinta, kuma wanda ya ja sabuwar waya irin wannan sai an ba shi takardar shaida, wadda ake tambaya idan an zo sayar da gida.

A gida Najeriya kuwa, abin da aka fi samu shi ne hotfilet mai kai biyu, wanda shi kaɗai yana iya jan kusan amfiya 11, an jona shi a ekistenshan tare da firji da abin dafa ruwa. Sau da yawa wayar da ke cikin bango siririya ce irin ta kwan fitila, wani lokaci ma alminiyam ce aka shafa mata launin jan ƙarfe. Irin wannan waya tana ɗaukar zafi a hankali, robarta ta bushe ta tsattsage, kuma idan mai gyara ya maye gurbin fis da igiyar waya don kada ya riƙa ƙonewa, to ba sauran abin da zai yanke wutar kafin silin ya kama.

Akwai kuma dalilin da ya sa makunnin bango ya fi mana amfani fiye da Turawa. A nan Ingila wuta ba ta cika ɗaukewa ba, amma a gida ana tsakiyar girki sai a ɗauke ta, uwargida ta koma kan gawayi ko gas, a manta hotfilet a kunne da tukunya ko tsumma a kai, sai cikin dare a dawo da wuta kowa yana barci. Makunni ɗaya mai jar fitila, wanda aka saba kashewa da zarar wuta ta tafi, zai rage wannan haɗari ƙwarai.

Hukumar NEMSA mai kula da ingancin ayyukan lantarki a Najeriya, wadda doka ta kafa a 2015, ita ke da alhakin tantance masu aikin wayarin da duba aikinsu, sai dai hannunta bai cika kaiwa ga gidajen haya na cikin unguwanni ba. Don haka nauyin yana kan mai gini. Kuɗin mita goma ko ashirin na waya mai kauri da bireka guda bai kai na tayil ɗin da ake shimfiɗa wa ɗakin girkin ba, kuma lokacin sa su shi ne kafin a yi filasta.