Kafin ka sayi gida a sabuwar unguwa, duba abin da ke kewaye da shi

Ta gefe birane suke girma. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 55 cikin ɗari na mutanen duniya a birni suke zaune, kuma adadin zai kai kashi 68 nan da 2050. Tsakiyar gari ta riga ta cika ta yi tsada, don haka masu neman muhalli sai su nufi bayan gari, inda ake yanka gonaki ana mayar da su filaye. Ciwon irin waɗannan unguwanni ɗaya ne kusan ko'ina: gidaje suna riga titi da magudana da ruwan famfo da makaranta isowa. Mutum ɗaya zai iya tayar da gida cikin 'yan watanni, amma titi da babbar kwata sai hukuma, ita kuwa sai ta yi kasafi ta ba da kwangila, a shekara ana zuba ido.

Shi ya sa nake ganin mai saye ya biya kuɗin abin da idonsa ya gani a ƙasa kawai. Titin da dillali ya ce za a shimfiɗa baɗi, da kasuwar da ya ce an ware wa fili, in aka lissafa su cikin farashi an yi cinikin biri a sama. In sun zo, riba ce. In ba su zo ba, kada gidan ya zama wanda ba ya zaunuwa.

Ruwan sama ne abin da ya fi cin mutane, domin yawanci da rani ake zuwa ganin gida. Ƙasar da ba a taɓa ta ba tana shanye mafi yawan ruwan da ya zubo, abin da ke gudu a samanta bai wuce kusan kashi 10 cikin ɗari ba. In aka rufe ta da kwano da kwalta da siminti, fiye da rabin ruwan ne ke kwarara. Ke nan gidan da bai taɓa ganin ambaliya ba, yana iya fara shan ta bayan maƙwabtan da ke tudu sun gama gini, alhali ba abin da ya canza a cikinsa. Filin nan da ke bayan katanga babu kowa, shi yake shanye maka ruwa yau, gobe kuma na wani ne. A 2017 guguwar Harvey ta nutsar da dubban gidaje a yammacin birnin Houston na Amurka, waɗanda aka gina a cikin yankin da ruwan madatsun Addicks da Barker ke mamayewa in sun cika, kuma da yawa daga masu gidajen ba su san haka ba sai da ruwa ya shigo musu ɗaki.

To, a je wurin bayan an tafka ruwa mai ƙarfi. A bi kwatar ƙofar gida da ƙafa har inda take zuba: tana kaiwa babbar magudana, ko a ƙarshen layi take tsayawa? A duba katangar maƙwabta, ruwan da ya taɓa kwanciya yana barin zane a jikin bango. Daɓen gida ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15, ƙasar kuma ta gangara ta bar gini, kamar santimita 15 cikin mita 3 na farko. Gidan da ke daidai da titin da ba a yi wa kwalta ba abin tsoro ne, domin ranar da aka zo aikin za a yi ciko, titi ya hau, gida ya koma rami.

Ruwan sha kuma lissafi ne. Mutum ɗaya yana bukatar lita 50 zuwa 100 a rana don sha da girki da wanka da wanki, wato gida mai mutum shida lita 300 zuwa 600. In babu famfon hukuma, a tambayi maƙwabta zurfin rijiyoyinsu da yadda suke a ƙarshen rani. Inda kowa ke haƙa burtsatse, ruwan ƙasa yana ja da baya, rijiyar da ba ta da zurfi ita ce ke fara ƙafewa. A auna tazarar rijiya da ramin masai, naka da na maƙwabci duka. Abin da aka saba shawarta shi ne mita 30, kuma a ƙananan filaye ba kasafai ake samun haka ba. A kai ruwan a gwada kafin yara su fara sha.

Sai nisa. Arhar gidan bayan gari a hanya ake biyan ta. Awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, kwana 5 a mako, mako 48 a shekara, awa 480 ke nan, daidai da kwana 60 na aikin awa takwas. Kuma cunkoson yau shi ne mafi sauƙin da za a gani, tunda sababbin unguwanni da yawa hanya ɗaya suke haɗuwa a kai. A gwada tafiyar ranar aiki da sassafe da kuma lokacin tashi daga aiki, ranar hutu ba ta faɗin gaskiya. Masu nazarin tsara birane a Amurka suna haɗa kuɗin gida da na sufuri wuri guda, suna cewa kada su wuce kashi 45 cikin ɗari na abin da iyali ke samu. Wannan ma'aunin ya fi duba kuɗin gida shi kaɗai ma'ana.

Maganar takardu ba ta da kwana. A je ofishin rajistar filaye a tabbatar sunan da ke kan takarda shi ne na mai sayarwa, kuma ba a jinginar da gidan ba. In gado ne, sai kowane magaji ya amince a rubuce. A kira safiyo ya daidaita iyakokin da ke ƙasa da taswira. Sannan a nemi ganin tsarin yankin a hukumar tsara birane, saboda gari mai saurin girma dole ya buɗe manyan hanyoyi ya ja wayar lantarki, kuma ginin da ya hau hanya ko ya shiga ƙarƙashin babbar waya rusau ne ƙarshensa, sau da yawa ba diyya. Lauyan mai sayarwa ba lauyanka ba ne.

Gidan da aka gina don sayarwa a lokacin da kasuwa ke zafi, da gaggawa aka yi shi. Kankare yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka tsara masa. Mai sauri ba ya jira. Sabon fenti yana ɓoye abubuwa da yawa. Siririyar tsaga a filasta ba komai ba ce, amma tsagar da ta tashi daga kusurwar taga a karkace, ko ta bi layin bulo hawa-hawa, ta kai faɗin milimita 5, harsashi ne yake motsi. Hakan na faruwa a filin da aka yi wa ciko ba a danne shi sosai ba, ko a ƙasar laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani. Ƙofar da ke cijewa da farin gishiri a gindin bango duk alamu ne. Kuɗin injiniya na yini ɗaya bai kai komai ba in aka kwatanta da gyaran harsashi.

Wanda zai ci bashi ya ɗauki alƙalami. Lamunin shekara 20 da ruwa kashi 10 cikin ɗari, abin da za a biya ya ninka uwar kuɗin sau 2.3. In ruwan kashi 20 ne, ya haura ninki huɗu. A ƙara da kuɗin rajista da na lauya da na dillali, a kuma ware kamar kashi 1 cikin ɗari na darajar gidan duk shekara don gyara.

Masu cewa a yi maza a saya kafin wuri ya yi tsada suna da hujja, domin fili a gefen garin da ke bunƙasa yakan yi daraja. Sai dai ba kowane layi ne ke tashi ba. Wanda ke kan tudu, kusa da hanyar da aka riga aka gama, mai tsabtatacciyar takarda, shi ke tashi. Na cikin kwari kuwa sai mai shi ya nemi mai saye ya rasa. Wanda yake da hali ya fara kama haya a unguwar na shekara guda, ya ga damina ya ga rani, ya san lokacin da wuta ke rauni da yamma in kowa ya kunna kayansa, ya san layin da mota ba ta shiga in an yi ruwa, sannan ya zauna da dillali.