Ku tuna da masu jiran shari'a

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Da Annabi Yusuf (AS) ya ga ɗaya daga cikin abokan zamansa na kurkuku zai fita, sai ya ce masa, "Ka ambace ni a wurin ubangidanka." Mutumin ya fita ya koma hidimar sarki, Shaiɗan ya mantar da shi, Yusuf ya ƙara shekaru a tsare alhali bai aikata komai ba. Irin wannan mantuwar tana nan a cikinmu har gobe.

Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Wani zargin satar waya ne ya kai shi gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse a Kano, ya yi zaman da ya zarce hukuncin da za a yanke masa ko da an same shi da laifin. Wani kuma an kai shi gaban majistare kan fashi, kotun ba ta da hurumi, aka ce a jira shawarar ma'aikatar shari'a, fayil ya kwanta. Uwarsa ta ranto kuɗin mota, ta zauna a bencin kotu tun ƙarfe takwas da kwanon tuwo a ƙulle cikin ɗankwali. Wajen azahar a kira ƙarar, a ce shaida bai zo ba, an ɗage sai bayan Sallah.

Doka kuwa ba ta yi shiru ba. Dokar tarayya ta tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce kada a ɗage wa kowane ɓangare zama fiye da sau biyar, kuma tazarar kada ta wuce kwanakin aiki 14. Kano ma ta yi tata a 2019. Amma takarda ba ta ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur, sai mutum.

Kai da aka kira ka shaida ka ce kasuwa ta riƙe ka, Allah Ya ce a Suratul Baƙara kada shaidu su ƙi zuwa idan an kira su. Kai mai ƙara da ka sa aka kulle ɗan wani cikin fushi, zuciyarka ta huce, ka daina zuwa kotu amma ba ka janye ba, ka ji tsoron Allah. Malam rajistara, da ɗan sanda mai gabatar da ƙara, ranar ɗan Adam guda a tsare amana ce a wuyanku.

Mu da ke waje, Bukhari ya ruwaito daga Abu Musa cewa Annabi (SAW) ya ce a ciyar da mayunwaci, a gaida mara lafiya, a kwance ɗaurarre. Da yawa an ba su beli tuni, mai tsaya musu ne babu. In ka san yaron unguwarku da halinsa, ka je ka tsaya masa. In ba za ka iya ba, ka kai maganarsa ofishin hukumar taimakon shari'a kyauta, ka riƙa bibiya har a sa masa rana.