Waƙar Li Bai ba waƙar yara ba ce

Wallahi abin da ake yi wa waƙar nan ta Li Bai, mawaƙin ƙasar Sin na zamanin da, tun jiya ya ɓata min rai. Mutum ya liƙa fassarar layi huɗu, ya ce wai wannan ce waƙar da Sinawa ke tinƙaho da ita, jama'a suka yi ta dariya, har wani na cewa ɗansa na firamare zai fi haka. Jama'a, ku ba ku karanta waƙar ba. Ido kawai kuka ɗora mata kuka wuce.

E, gajeriya ce. Layi huɗu, harafi ashirin. Mutum ya ga hasken wata a gaban gadonsa, ya zaci raɓa ce ta daskare a ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi wata, ya sunkuyar da kai ya tuna gida. Amma wa yake maganar? Li Bai, wanda aka haifa a 701, ya bar Sichuan yana da shekara ashirin da 'yan kai, ya ƙare rayuwarsa yana yawo, ya rasu a 762 nesa da inda ya tashi. A wurin Sinawa cikar wata alama ce ta haɗuwar iyali, suna ma da bikinta a ranar 15 ga watansu na takwas. To mutum shi kaɗai, cikin sanyi, ya dubi abin da ke nufin kowa yana tare da nasa, sai wuyansa ya kasa riƙe kansa. Duk waƙar tana cikin sunkuyawar nan. Bai ce ya yi kuka ba, domin ba ya bukatar ya faɗa.

Sai ka san halin da mai waƙa yake ciki kafin ka yanke mata hukunci. Wannan ita ce maganata, kuma zan yi ta nanatawa.

Ku ɗauki He Zhizhang, wani mawaƙin Sin na zamanin Li Bai. Ya ci jarrabawar shiga aikin gwamnati a 695, ya yi kusan shekara hamsin yana hidimar daular Tang, sai a 744 ya ajiye aiki ya koma garinsu a yankin Zhejiang, ya haura tamanin. Me ya rubuta? Ya ce ya tafi da ƙuruciya ya dawo da tsufa, harshensa na gida bai sauya ba amma gashinsa ya zube. Yaran gari suka gan shi ba su san shi ba, suna murmushi suna tambayar baƙo daga ina. Tsohon da ya kwashe shekara hamsin yana riƙe da karin harshen garinsu a babban birni, ranar da ya iso aka kira shi baƙo, kuma yaran ba da mugunta suka faɗa ba, gaisuwa ce suka yi. Duk wanda ya ga dattijon da ya daɗe a Sudan ko Makka ya dawo yana tambayar gidajen mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, ya san wannan zafin. A cikin shekarar da ya koma ɗin ya rasu. Wannan ce waƙar yara?

Na ga masu cewa ai a Sin ma yara ake koya wa waɗannan baitoci. To sai me? Yaro ya haddace, sai ranar da ya yi nisa da gida zai gane abin da ya haddace. Masu cewa me ya haɗa mu da waƙar Sinawa kuwa, ba wanda ya tilasta muku karantawa, amma kun zo kun yi izgili da abin da ba ku bincika ba.

Du Fu, wani mawaƙin zamaninsu, shi ma haka. A 757 yana tsare a Chang'an, babban birnin daular Tang, birnin yana hannun 'yan tawayen janar An Lushan, iyalinsa suna can wani ƙauye a arewa. Ya ce ƙasa ta wargaje amma duwatsu da koguna suna nan, ciyawa ta rufe birni, wata uku wutar yaƙi ba ta mutu ba, wasiƙa ɗaya daga gida ta kai darajar zinariya dubu goma. Sannan ya rufe da cewa ya yi ta susar furfurarsa har ta yi ƙarancin da tsinken soke gashi ba zai zauna ba. Shekararsa 45 fa a lokacin. Damuwa ce ta tsofar da shi, kuma da tsinken gashi ya nuna mana ita. Wanda bai san da yaƙin ba zai ɗauka ƙorafin sanƙo ne kawai. Ka san halin mutum tukuna.

Af, He Zhizhang ɗin nan ma shi ne ya ga rubutun Li Bai a Chang'an ya kira shi ɗan sama da aka koro duniya, duk da ya girme shi da shekara 42. Li Bai da kansa ya ba da labarin yadda tsohon ya kwance kunkurun zinariya da yake ratayawa ya bayar a madadin kuɗin abin sha, don dai su ci gaba da hira. Ina son wani cikinku da ke karatu a Xi'an, wato Chang'an ta da, ya gaya mana ko har yanzu mutanen birnin suna ba da wannan labari.